Amosanin zomo: a yi jinya a gida, amma ba da maganin shanu ba

Cikin ɗarin bara, wata safiya ina shirin fita da babur zuwa wata ruga a hanyar Dakoro, sai ga ɗan maƙwabcinmu, yaro ɗan shekara 12, ya yi sallama rungume da kwalin taliya. Ya durƙusa ya gaishe ni ya ce: "Kawu, Inna ta ce don Allah ka duba mini su." Na buɗe kwalin na tarar da zomaye biyu, gashinsu da sauran laima, jikinsu na ɓari, miyau na zuba daga bakin ɗaya. Na san shida yake kiwo, sai na tambaye shi sauran. Ya sunkuyar da kai ya ce huɗu sun mutu cikin dare.

Labarin gajere ne. Ya ga farin gari kamar dusa a gadon bayansu, gashi na zuba tsakanin kafaɗu. Ya tafi kasuwa, wani mai tallan magani ya tsiyaya masa maganin kaskar shanu a ƴar roba marar takarda, ya ce ya zuba murfi ɗaya cikin ruwa ya yi musu wanka. Ya yi musu bayan la'asar, iskar hunturu na kaɗawa. Cikin biyun da ya kawo mini, mace ɗaya ce ta tashi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ciwon da aka yi wa wankan ba ya kisa cikin dare ɗaya. Da ya bar su ba magani, da sun yi watanni suna yawo da amosaninsu. Garin neman gira aka rasa ido.

Ra'ayina a kan wannan magana ba ɓoyayye ba ne. Ƙwaron gashin zomo ciwo ne da ake jinyarsa a gida, kuma mafi yawan aikin na mai zomo ne. Abu guda ne ba a yin sa da ka, wato zaɓen magani da awonsa. Kuma in yara na kashe zomayensu da maganin shanu, mu ma'aikatan lafiyar bisashe muna da kaso cikin laifin, domin mun daɗe muna ɗaukar zomo abin wasan yara.

Me ya kawo zomo a shafin makiyaya?

Na san wani zai ce a nan maganar shanu da tumaki da raƙuma ake yi. Gaskiya ne. Amma duk wanda ya zaga gidajen Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san akwai zomaye a bayan ɗakuna, cikin keji ko cikin ɗan ɗakin ƙasa da suka cika da ramu. Yawanci na yara ne da mata. Wani don sha'awa yake ajiye su, har da sa musu suna. Wani da kuɗinsu yake sayen littafin lakwal da takalmin salla. Zomanya kan haihu bayan kwana 31 ko kusa da haka, don haka yaro kan ga amfanin kiwonsa da wuri, ba kamar mai jiran maraƙi ba.

A wurin zomo ɗan birni ke fara koyon kiwo. Yaron da ya saba tun yana ƙarami cewa ana sayen magani a roba marar suna, a auna da murfi, shi ne gobe zai yi wa ragon layya haka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga kuma kwalbar da ake yi wa zomo allura da ita, ita ce dai wadda ke cikin jakar makiyayi. Kuskuren iri ɗaya ne, a jikin zomo ne kawai yake saurin bayyana saboda ƙanƙantarsa.

A fara gane ciwon tukuna

Ƙwaron da ke kawo wannan amosani ɗan'uwan kaska ne, ƙafa takwas gare shi, amma bai kai rabin milimita ba. A littattafanmu Cheyletiella ake kiransa. Ba ya haƙa fata ya shige, a samanta yake zama yana yawo tsakanin gashi, yana cin ɓawon fata. Ƙwansa kuma a jikin silin gashi yake manne shi. Wurin da ya fi so shi ne dokin wuya, tsakanin kafaɗu, gadon baya da gindin wutsiya, wato inda bakin zomo ba ya kaiwa da sauƙi. Za ka ga farin amosani mai yawa, gashi na tsigewa tuli-tuli in ka ja shi kaɗan, fatar ƙasa ta ɗan yi ja. Wani zomon na susa, wani ko a jikinsa.

Gwajin gida ba ya buƙatar kuɗi. A shimfiɗa baƙin ƙyalle, a ɗora zomon, a taje bayansa da mataji mai ƙananan haƙora. A kai ƙyallen wurin haske a zuba masa ido na ɗan lokaci. In ka ga wasu ƙwayoyin garin na motsi a hankali, to ƙwaron ne ke tafiya ɗauke da ɓawon fata. Kamarar salula na taimakawa in aka matso da hoton. Mu kuma salatif muke mannawa a wurin mu ɗaga, mu duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta. Rashin ganin motsi bai wanke zomon ba, domin ƙwaron kan yi wuyar kamawa.

Akwai abubuwan da ke kama da shi, kuma bambanta su na da amfani. Zomo na zubar da gashi da kansa lokacin sauyin yanayi, amma fatar da ke ƙasa tsaf take, sabon gashi na tsirowa. Zomanya mai ciki na tsige gashin ƙirjinta da cikinta ta yi wa ƴaƴanta shimfiɗa, wannan lafiya ce. Makero kan fito zagaye kamar kwabo, galibi a fuska da kunne da ƙafafu, kuma allurar ƙwaro ba ta yi masa komai. Ƙazwa mai shiga fata kan fara daga hanci, leɓe, gefen ido da yatsu, da ɓawo mai kauri da ƙaiƙayi mai tsanani, har zomon ya bar cin abinci ya rame. Ita ce mai kisa in an yi sakaci. Sai ƙwaron kunne, mai cika kunne da ɓamɓaroki ruwan ƙasa, zomon na ta kaɗa kai. Ƙwaron gashi, ƙazwa da ƙwaron kunne, magani ɗaya ke kashe su. Makero hanyarsa daban.

A lura kuma da jikin mai kiwon. Ƙwaron na cizon mutum, ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi su fito a hannu, ƙirji ko ciki, inda ake rungumar zomon. Ba ya hayayyafa a jikin ɗan Adam, don haka ƙurajen kan tafi da kansu in an warkar da zomayen. In sun ƙi tafiya, ko suka fito zagaye, a kai yaron likita.

Abubuwan da nake roƙo a daina

Abu biyu game da jikin zomo sun isa su bayyana yawancin mutuwar da nake gani. Na ɗaya, da harshe yake wanka, duk abin da ka shafa masa a fata cikinsa zai ƙare. Na biyu, zomo ba ya amai. Kare in ya lashi guba yakan amayar ya samu sauƙi, zomo kuwa abin da ya shiga ya shiga ke nan.

Saboda haka baƙin man mota, kananzir, gazuwal da kirezil ba su da wuri a jikin zomo. Suna ƙona fata, suna lalata hanta da ƙoda. Piya-piya da maganin feshin gona da na sauro su ma haka, ko a jikinsa ko a ɗakin da yake ciki. Maganin wankan kaskar shanu, musamman mai amitiraz, an auna shi ne don bisa mai kilo ɗaruruwa da fata mai kauri. Masu karnuka a manyan garuruwa kuma su ji wannan da kyau: Frontline da duk maganin ƙuma mai fifuronil yana kashe zomo. Wani lokaci sai bayan kwanaki farfaɗiya ke kama shi, har mai shi ya manta da abin da ya ɗiga masa.

Kafson amoksisilin da na amfisilin da ake fasawa a zuba cikin ruwan sha, wai don "ciwon ya bushe daga ciki", ba su taɓa ƙwaro ko kaɗan. Ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa a hanjin zomo suke kashewa, sai zawo ya biyo baya, sai mutuwa.

Wankan kansa ma haɗari ne, ko da ruwa ne zalla. Gashin zomo na daɗewa bai bushe ba, sanyi na kama shi da sauri, tsoro kaɗai na iya kayar da shi. Ƙashin bayansa ba shi da ƙwari idan aka gwada da ƙarfin ƙafafunsa na baya, in ya yi harbi da ƙarfi yana iya karya bayan nasa. Kuma a daina ɗaga shi ta kunne. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi, a manna shi da jiki.

Allurar da lissafinta

Maganin da muke da shi a nan, mai aiki kuma mai araha, shi ne ibermektin, wanda mutane suka fi sani da sunan Ivomec. Magani ne mai daraja. Mutum biyu da suka gano shi, Satoshi Omura na Japan da William Campbell, sun samu kyautar Nobel a 2015. Irinsa na mutane ya taimaka wajen yaƙi da makantar bakin kogi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a watan Janairun 2025 cewa Nijar ta rabu da wannan ciwo, ƙasa ta farko a Afirka. Abu mai ƙarfi haka ba a auna shi da ido.

Ga lissafin, na rubuta shi don mataimakan kiwo da ke karatu, kuma don mai zomo ya iya gane ko wanda ya kira ya san aikinsa. Kwalbar da aka rubuta 1% a jikinta, kowane mili 1 na ɗauke da miligiram 10 na magani. A shanu mili 1 na kilo 50 ne. Zomo ana ba shi miligiram 0.2 zuwa 0.4 a kowane kilo, wato mili 0.02 zuwa 0.04. Zomo mai kilo 2 ke nan ba zai wuce mili 0.08 ba, abin da bai kai ɗigo uku ba. Wanda ya ɗauki sirinjin tumaki ya zuƙi mili 1 don "kaɗan ne", ya ba wannan zomon fiye da ninki 12 na iyakar awonsa. In ɗan zomo ne mai kilo 1, ninki 25. Sai a ga yana tangaɗi, yana rawar jiki, ya kwanta ya ƙi ci.

Sirinji mai mili 5 ko 10 ba ya iya auna mili 0.08, komai ƙwarewar hannun mai riƙe da shi. Sirinjin masu ciwon sukari ake amfani da shi, wanda lamba 100 ke daidai da mili 1. A jikinsa lamba 2 zuwa 4 ce ta kowane kilo. Akwai wani irinsa mai lamba 40 a mili 1, lissafinsa daban ne, a duba kafin a zuƙa. A duba kwalbar ma, domin akwai masu ƙarfin da ya wuce 1%, akwai kuma waɗanda aka gauraya da maganin tsutsar hanta. Kada a sirka maganin da ruwa, ba ya gauraya da shi daidai. A ƙarƙashin fatar dokin wuya ake yi, ba cikin tsoka ba. Kafin nan sai an auna zomon: a sa shi cikin ƴar jaka a rataya a sikeli, ko a roƙi mai shagon kartiye ya ɗora a nasa. Ƴaƴan da ke shan nono, zomanya mai ciki da zomon da ya riga ya bar cin abinci, a bar wa malamin dabbobi ya yanke shawara a kansu.

Sau uku ake yi, tsakanin kowace allura da ta gaba kwana 10 zuwa 14. A nan ni kaina na taɓa tuntuɓe. A shekarata ta farko da fara aiki, wata baiwar Allah ta kira ni kan zomayenta takwas. Na yi musu allura sau ɗaya, na karɓi kuɗina, na ce mata shi ke nan. Amosanin ya ɓace, ta yi ta sa mini albarka. Bayan wata ɗaya ya dawo, ta ce maganin bature ƙarya ne, ta koma ga baƙin mai. Na kashe maciji ban sare kansa ba. Allura na kashe ƙwaron da ke cin fata, ba ta kashe ƙwai. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro mai sake yin ƙwai kamar mako 3 ne, wani lokaci ya ɗan wuce. Allura ta biyu da ta uku su ke tare waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya. Kuma duk zomayen gidan ake yi wa, har waɗanda ba a ga komai a jikinsu ba, domin da yawa na ɗauke da ƙwaron shiru.

Mai niyyar yanka ya sani cewa maganin na daɗewa cikin nama. Ni abin da nake gaya wa mutane shi ne a jira mako 7 bayan allurar ƙarshe kafin a yanka ko a sayar wa mai yanka.

Aikin da ke hannun mai gida

In aka yi allura aka mayar da zomo cikin shararsa, an yi aikin banza. Macen ƙwaron gashi na iya kwana 10 a ƙasa ba tare da zomo ba, na kunne kuwa har mako 3. Ranar kowace allura a kwashe shimfiɗa da ragowar harawa da gashin da ya zuba, a ƙone. Kada a watsa su bayan gida inda kaji da kyanwa ke tono. Kejin ragar waya a kankare shi, a wanke da sabulu, a kwara masa tafasasshen ruwa, a shanya a rana yini guda. Jabel na da amfani kan makero da sauran ƙwayoyin cuta, amma a ɗauraye da kyau, a bari ya bushe kafin zomo ya koma. Kejin katako ya fi wuya saboda tsagoginsa, a dage da ruwan zafi a kusurwoyi.

Ɗakin ƙasa mai ramu shi ne mafi wahala, domin hannu ba ya kai ƙarshen rami. Shawarata a fitar da zomayen duka zuwa wani wuri, a kwashe ƙasar sama, a zuba sabon yashi, a rufe ɗakin wata guda ba kowa ciki. Yunwa za ta yi abin da feshi ba zai yi ba.

Kejin ne ke shan rana, zomon a inuwa. Zafin da ya wuce digiri 30 na wahalar da shi, mu kuma a Afrilu da Mayu mukan wuce 40. Na ga wanda ya ɗaure zomo a rana tsaka don ƙwari su gudu, zomon ya riga su tafiya.

Kowace rana a taje wurin a hankali don cire amosani da mataccen gashi, a wanke matajin da hannuwa da sabulu. Yara su rage runguma har a gama allura ta biyu. Ga mai ciwon kunne, kada a ɓamɓare ɓawon, ƙarƙashinsa ɗanyen nama ne mai zafi. Bayan allura yakan bushe ya faɗi da kansa. Ɗigo biyu ko uku na man gyaɗa mai tsabta na tausasa shi. Wannan kaɗai ne man da na yarda a sa wa zomo, shi ma cikin kunne.

Sai tambayar da aka fi mantawa: me ya sa ƙwaron ya fi ƙarfin wannan zomon yanzu? Lafiyayyen zomo na lasar jikinsa yana rage su da kansa. In ka ga amosani ya yi yawa a kan guda ɗaya, duba bakinsa. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, kamar milimita 2 a mako, tauna ciyawa ce ke goge su. Zomon da ake ba dusa da ragowar tuwo kawai, haƙoransa kan zarce, haɓarsa ta jiƙe da miyau, ya kasa gyara jikinsa. Wanda ya yi ƙiba da yawa ba ya iya juyawa ya kai bayansa. Tsoho, mai shayarwa, da waɗanda aka cunkusa goma a wurin uku, su ma haka. Harawar gyaɗa ko ta wake da busasshiyar ciyawa su zama tushen abinci, ganyen dankali, na karas da zogala su biyo baya, dusa kaɗan, ruwa mai tsabta kullum. Maganar da ake yi cewa zomo ba ya shan ruwa ba gaskiya ba ce.

Ƙofar da ciwon ya fi shigowa kuwa biyu ce: sabon zomo daga kasuwa, da namijin da ake arowa don barbara. Sabo ya yi mako 3 shi kaɗai a wani keji ana duba bayansa da kunnensa. Na aro a duba shi a haske kafin a sa shi wurin mace.

Abin da ake ce mini, da amsata

An sha ce mini kuɗin kiran malamin dabbobi ya fi kuɗin zomon. Akwai gaskiya a ciki, ba na musu. Amma a duba inda tsadar take. Mili 1 na isar allura 12 ga zomaye masu kilo 2. Zomaye 10, sau uku kowane, mili 2.4 ne kacal. Maganin ba shi ne mai tsada ba, man babur ne da lokacin ma'aikaci. Wannan kuwa tsari ke maganinsa. In yaran kartiye ɗaya suka haɗa zomayensu a rana ɗaya, kowa da kwalinsa, mataimakin kiwo ɗaya zai gama da su cikin awa guda, ya sa musu ranar dawowa, kowa ya biya abin da bai taka kara ya karya ba.

Wasu abokan aiki kuma na ganin bai kamata a bayyana awon magani a fili ba, wai mutane za su riƙa yi da kansu. Ai sun riga suna yi. Ɓoye lissafin bai hana kowa sayen kwalba ba, awon daidai kawai ya hana shi sani. Na fi son wanda ya koya ya yi allurar, kuma shi nake cewa a nema. Amma akwai ƙauyukan da mataimakin kiwo mafi kusa ke da nisan yini, kuma malamin lakwal ko makiyayin da ya saba yi wa tumakinsa allura, in ya san cewa lamba 4 ce iyakar kowane kilo, ya fi wanda aka bari cikin duhu.

Sai mu kanmu. Na ga yaro ya zo da zomo wurin aiki an yi masa dariya, an ce ya je ya yanka a yi miya. Wannan yaron ba zai sake dawowa ba, wurin mai talla zai tafi, shi kuwa mai talla ba ya korar kowa. Hausawa na cewa zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Mai zomo biyu da mai shanu hamsin, kowa dukiyarsa ya kawo mana.

Ga abin da nake roƙon masu poroje da masu kula da ayyukan likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da makiyaya. A sa sirinjin masu ciwon sukari da ƙaramin sikelin rataye cikin jakar kowane mataimakin kiwo, kuɗinsu ba shi da yawa, kuma za su yi amfani ga kaji, ƴan awaki da ƴan karnuka. A ƙara rabin yini kan zomo cikin horon da ake ba su. Duk porojen da zai raba wa mata ko matasa zomaye ya raba su tare da wannan sani, kuma a duba su kafin a raba, kada a kai wa mutane ciwo har gida da sunan taimako. Gidajen rediyon karkara su riƙa faɗin abubuwan da ba a shafa wa zomo, minti biyar ya isa. Masu sayar da magani kuma su ji tsoron Allah su bar tsiyaya shi cikin roba marar suna. Ibermektin ma haske na rage masa ƙarfi, kwalbar da ta yi wata tana shan rana a kan tebur ba abin dogaro ba ce. A saya a wurin da ke da izini, a duba ranar lalacewa.

Abu na ƙarshe: in zomaye suka fara mutuwa farat ɗaya, da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, ba a shafa musu komai ba, wannan ba ƙwaron gashi ba ne. A sanar da ma'aikatar kiwo ta gari nan take, kada a sayar da sauran, kada a jefar da mushen a bola. Ma'aikatar ce ke da hanyar aika samfuri ɗakin bincike na LABOCEL.

Zomanyar nan da ta tsira, mun jira ta murmure, muka auna ta a shagon kartiye, kilo ɗaya da rabi. Na yi mata allura uku, yaron na rubuta ranakun a bayan littafinsa na lissafi. Shi ya kwashe ƙasar ɗakin, ya rufe shi wata guda. Bayan ƙaramar salla ta haifi biyar. Kwanan baya ya zo mini da abokinsa da wani kwalin, ya ce: "Kawu, na hana shi yi musu wanka, na ce mu zo wurinka tukuna." Sun ma riga sun auna su.

Allah ya ba mu lafiya, mu da bisashenmu manya da ƙanana.